Ina malaman makarantun gwamnati a Sudan suka shiga? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Uwar yara huɗu, Kasala:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana yana aji shida, kuma tun da aka koma karatu bai ga malamin lissafi ko sau ɗaya ba. Yaran su zauna har lokacin fatur, wato karin kumallon hantsi, su ci ɗan abin da muka ƙulla musu, su dawo gida. Na je na tambaya, shugabar makarantar ta ce malamai bakwai ne suka rage, malamin kuma ya tafi neman abin da zai ci da iyalinsa. Ba zargin kowa nake yi ba, amma abin yana hana ni barci. Malamai da iyaye, yaya abin yake a wajenku?

Malamin firamare, Gadarif:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ne irin malamin da kike nema, don haka bari in ba ki amsa. Shekarata goma sha tara ina riƙe da alli. Wahalar nan ta girmi yaƙi: a ƙarshen 2022 muka shiga yajin aiki, kwamitin malamai yana neman a ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 12,000 zuwa 69,000. Maganar ba ta gama daidaita ba sai ga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Daga nan albashi ya ɗauke, wata da watanni.

Da kaka ta yi na bi 'yan ƙwadago yankan riɗi. Kwana uku ina duƙe, tafin hannuna duk ya yi kanta. Ranar biya muka yi layi, mai lissafin ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Ustaz?" Yaron da na koya wa karatu ne tun yana aji biyu. Ya miƙe tsaye, ya kasa haɗa ido da ni, ya miƙo kuɗin da hannu biyu. Na karɓa, don a gida babu ko kwanon dawa. Abin da na samu a sati biyu na gona ya fi albashina na wata. Yanzu na koma aji, amma in saƙon albashi ya shigo ta Bankak, manhajar banki ta waya, kafin magariba kuɗin ya ƙare a littafin bashin mai kanti. Da yamma raksha nake ja, wato a-daidaita-sahu. Wallahi ba ƙin yaranku muke yi ba.

Malama daga Madani:
Malam, Allah ya saka maka. Mun fito daga Madani a Disambar 2023 da RSF suka kama garin, aka sauke mu a wata makaranta a Gadarif. Iyali biyar a aji ɗaya, zannuwa muka rataya a tsakani. Tabarmata tana ƙarƙashin allo, darasin ƙarshe yana nan a rubuce ba a goge ba, kullum shi nake fara gani in na buɗe ido. Sai na ƙi zama haka, na tara yaran a gindin dalbejiya muna yin haruffa a ƙasa da tsinke. Bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025 na koma na duba makarantarmu: ba ƙofa, ba taga, bencina an yi girki da su. Abokan aikina wasu suna Masar, wasu Saudiyya, biyu sun rasu.

Wani uba, Mai Wurno:
Mu nan majalisar iyaye ce ke karo-karo ana ba malamai masu sa kai ɗan ihsani. Amma mai yara shida da ba shi da ko akuya fa? Kunya ce ke sa ya janye su, a tura su gona ko kamun kifi a kogi. Wannan ne ya fi damuna.

Matashi mai koyarwa kyauta, Damazin:
Baba, gaskiyarka. Ni ban gama jami'a ba aka rufe, yanzu ina koyar da Ingilishi da kimiyya, har da tarihi in ta kama. Akwai abin da ba a cika faɗa ba: da aka bar tsarin shekara takwas aka dawo da matakin mutawassid na tsakiya, wato shekara shida a firamare, uku a mutawassid, uku a sakandare, ana buƙatar ƙarin azuzuwa da malaman fanni, mu kuwa da ginin da malaman duk na jiya ne. Sannan 'yan aji ɗaya da Hausa suke zuwa daga gida, littafi kuma Larabci ne. Malamar da ke jin Hausa, wadda ke lallaba su har harshensu ya kama, ta bar garin tun rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 da ya shafi Hausawan yankin nan, ba a kawo madadinta ba. Yara sama da tamanin a gabana, rabinsu sun yi shiru ne don ba su gane abin da ake cewa ba, sai a ɗauka daƙiƙai ne. In na juya musu da Hausa sai ka ga hannuwa sun tashi.

Wata yaya, Bur Sudan:
Ƙanwata 'yar ajin 2023 ce, sai Disambar 2024 ta zauna jarrabawar shahada, ta kammala sakandare. Da kuɗin darasin gida muka tura ta, kuma malamin nata na makarantar gwamnati ne. Da shi yake ciyar da gidansa.

Uwar yara huɗu, Kasala:
Malam na Gadarif, na karanta naka har na yi hawaye, ka yafe mini in maganata ta sosa maka rai. Ranar Asabar akwai zaman majalisar iyaye. Zan kawo shawarar a raba karo-karon gwargwadon ƙarfin kowa, kada a kori yaro saboda ubansa bai biya ba, sannan a aika wa malamin lissafin a ji ko nawa ne zai dawo da shi aji. Baba na Mai Wurno, ku nawa kuke ba mai sa kai a wata, kuma wa ke riƙe kuɗin?