Mastar a injiniyancin sadarwa a waje: abin da fada ta ce

Daren Asabar a fadarmu ta unguwar Boukoki a Yamai, shayi har ya huce ana gardama kan tafiyar ƙanena mastar a injiniyancin sadarwa.

Wani yaya da ya yi karatu a Jamus ya ce lissafi ne ke ka da mutane. Ya ce ƙanen nawa ya maimaita darussan lissafi na Fourier da aljabara, ya saba da manhajar lissafi ta MATLAB tun a Yamai. Bizar ɗalibi ta Jamus kuma sai an ajiye Yuro 11,904 a rufaffen asusu, kusan sefa miliyan 8. Wannan ne ya hana ni barci.

Wasu suka ce ƙanena ya fara duba ESMT, babbar makarantar sadarwa ta Dakar, da Faransanci ake karatu, kuma ya nemi tallafin ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, da wuri. Ni ma nan na karkata.