Sitaj wajen tsofaffi a Tawa: waɗanda suka yi, ku ba mu labari

Ta Garkawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wata mai kamawa zan fara sitaj, wato koyon aiki, na wata biyu. Mu huɗu aka haɗa da wata ƙungiya mai kula da tsofaffi a nan Tawa, gida-gida za mu bi da takardar tambayoyi da abin awon tansiyo, daga baya mu rubuta rahoto. Fargabata guda ce: da wane baki zan dubi dattijon da ya yi jika da ni in ce masa shekarunka nawa?

Ɗan Bilbis:
Kada ma ki tambaya. Katin ɗan ƙasar da yawansu "vers 1950" aka rubuta, ƙiyasi ne kawai. Mu da tarihi muke kamo shekaru. Sai in ce, Baba, da Kunce ya karɓi mulki a 1974 ka yi aure? Ko, Inna, a yunwar 1984 ɗiya nawa gare ki? Daga nan bakinsu ya buɗe, sai dai ki nemi hanyar tashi. Kuma ku fara gaida mai unguwa kafin ku taka ƙofar kowa.

Ba'adariya:
Ni tsohuwa guda ce ta tsaya mini a rai. Ɗiyanta maza uku duk suna Abijan, kun dai san Adar da tafiya. Ita da wata jika ƴar shekara tara ke cikin gidan. Na auna tansiyonta, 19 bisa 11, ya hau sosai. Na sake aunawa a ɗaya hannun don na zaci injin ne, bai sauya ba. Na ce Inna, an taɓa ce miki kina da hawan jini? Ba ta amsa ba. Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, ta fiddo takardar magani an ninke ta har ta fara yagewa a tsakiya. Maganin kwana goma ta saya, ciwon kai ya lafa, ta bari.

Sai ta dubi takardar da ke hannuna ta ce, "Ɗiyata, ku na ukku ke nan da kunka zo kuna rubutawa. Mi ake yi da rubutun ga?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, haka awon ciki, amma ita da kuɗinta za ta ga likita, ga maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Kuma ba wai ɗiyan sun yar da ita ba. Suna aike, sai dai kuɗin a hatsi da cefane yake ƙarewa, ita kuwa ba ta faɗa musu don kada hankalinsu ya tashi a baƙon wuri. Da izininta na tura wa babban saƙon murya ta WhatsApp. A daren ya kira ni yana ta godiya. Muka shirya duk wata maƙwabciyarta ta karɓi kuɗin magani daban, majo na CSI, wato shugaban asibitin unguwa, kuma ya riƙa aunata. A takardar tambayoyinmu babu layin da zan rubuta wannan, a bayan shafi na sa shi.

Na Bukoki:
Ni a Yamai na yi, kuma rabin aikina takardu ne. Zawarawa da yawa ba su san ko fanshon mijinsu CARENI ne ko CNSS ba. Na farko na ma'aikatan gwamnati ne, na biyu na waɗanda suka yi aikin kamfani. Wata kuma an ɗaura auren a masallaci shekara arba'in da suka wuce, babu takardar aure, sai an bi ta kotu da shaidu. Ki koyi wannan hanya tun kafin ki fara. Mu nan har da Zabarmanci sai da na lallaɓa.

Mai Shayi:
Ku faɗa mata ɗayan gefen mana. Ko dala ba a ba mu ba, kuɗin kabu-kabu daga aljihunmu. Ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, ƙungiyar da na bi ta zaunar da su ƙarƙashin rumfa tun hantsi har azahar, jawabi da Faransanci, aka ɗauki hoto da buhun shinkafa. Wani dattijo mai yanar ido ya riƙo hannuna yana tambaya ko an zo maganar aikin ido. Ba a zo ba.

Ta Garkawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wane lokaci ya fi dacewa da shiga gidajen?

Ba'adariya:
Mata da hantsi, kafin a ɗora tukunya. Maza bayan la'asar, a ƙofar masallaci za ki same su. In an kawo miki kujera ki ce a'a, ki zauna a tabarma. Ki riƙe goro kaɗan a jaka da batir na ajiya, injin awon nan yana cin batir.