Starlet ɗina mai turbo tana yanke mai, wace kalkilatar mai araha zan saka?

Ɗan_Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum manya, dan Allah ina neman shawara. Inada Starlet EP91, bara injin ɗinta na asali ya gaji sai na samu injin 4E-FTE na Glanza (Starlet mai turbo) daga Duwala, ɗan 1.3 mai turbo, muka ɗora shi da wayoyinsa da kalkilatar ɗinsa (kwamfutar da ke sarrafa injin, mutanen Yola birenbos suke ce mata). Mota na tafiya lafiya lau, to kunsan halin ɗan Adam, sai wani abokina ya ɗan taɓa min matsin turbon ya ƙara, yanzu in na taka sosai a giya ta uku allura ta kai wajen 0.8 bar sai mota tayi wata irin girgiza kamar an shaƙe ta, sai na ɗaga ƙafa take dawowa. An ce min kalkilatar ce ke yanke mai da gangan.

Abinda nake dashi sefa 250,000 ne ba ƙari. Wani yace in sa FMU tafi komai araha, wani yace Apexi SAFC na hannu, a intanet kuma naga ana ta maganar Speeduino da MegaSquirt, kalkilatar da ake sawa a madadin ta asali. Haltech kam na duba kuɗinta na rufe waya. Wanne zai min? Ba tsere nakeyi ba, Garwa zuwa Ngaundere ne yawanci, sai ɗan nishaɗi.

Baba_Injin ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanina kafin maganar kalkilatar, wane mai kake sha? In zuwa-zuwa ne na kwalba a bakin titi to mu fara daga nan. Ban ce duk mai ɗin kwalba lalatacce bane, amma bakasan abinda ke ciki ba, yau mai kyau gobe an sirka, ga shi yana shan rana wuni guda. Injin da bashi da turbo zai haƙura, mai turbo baya yafiya. Super a gidan mai ya koma sefa 840 lita a Fabrairun 2024, nasan da ciwo, amma piston huɗu sunfi ciwo.

Wannan yankewar da kakeji ba cuta bace, Toyota ce ta sa ta dan kare injin, kalkilatar taga iska ta wuce abinda ta san lissafinsa sai ta ɗauke mai gaba ɗaya. Akwai ɗan abu da ake sawa ya ruɗe ta ya ɓoye mata matsin, yara na so don arha, to ka rufe wa maigadi ido ne kawai ɓarawo na nan.

FMU kuma ba kwamfuta bace, ƙarfe ne da roba a ciki, in turbo ya hura sai ya matse hanyar da mai ke komawa tanki matsin mai ya hau, injekta su zubar da yawa. An yi ta ne don motar da aka liƙa wa turbo alhali kalkilatar ɗinta batasan turbo ba. Taka ta sani. Ba abinda zata ƙara maka sai wahalar da famfon mai da ya riga ya tsufa. Na taɓa sawa wani yaro irinta anan gareji, wata mara suna da ya sayo, ban so ba ya nace, sati uku famfo ya mutu a hawan Mbe.

SAFC ƙarya take wa kalkilatar, tana canza siginar matsin iska. Matsalar in ka sa manyan injekta ka rage sigina don rage mai, kalkilatar zata ɗauka injin baya cikin nauyi sai ta tura wutar buji (fulogi) gaba, kai kuma kana cikin turbo a zafin Afrilu na Garwa da ya wuce digiri 40. Nan ne zakaji ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in ka ji ta sau da yawa sai juwan kulas (gasket ɗin kan injin) ko piston ya lalace.

Ni a 250,000 ɗinka ga abinda zanyi: a mayar da turbo inda Toyota ta barshi, ka sayi sabon famfon mai irin Walbro 255, a wanke injekta, a canza matatar mai, sannan ka sa agogon lambda mai faɗin karatu wanda ke aiki da Bosch LSU 4.9. Shi zai nuna maka gaskiyar haɗin iska da mai da injin ke ƙonawa. A tafiya ta lalama 14.7 zaka gani, in ka taka turbo ya cika ya kamata ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, in kaga 13 da wani abu ɗaga ƙafarka.

Yaro_Marwa ya amsa:

Baba da girmanka amma ni ban yarda a ce masa ya haƙura ba lol. Speeduino nake amfani da ita shekara ta biyu kenan, akan allon Arduino Mega 2560 take, wani ɗan Ostareliya Josh Stewart ya fara ta kuma komai nata a buɗe yake kyauta, allon kawai zaka saya. Tana riƙe mai da wuta duka biyun, wanda shine abinda SAFC bata iyawa, kuma da TunerStudio ake saita ta a laftof, manhaja ɗaya da ta MegaSquirt. Kuɗinsa zai isa allon da lambda in ya samu mai zuwa daga waje ya riƙo masa, in ta duwan (kwastan) zata bi kam sai ya ƙara wani abu.

Gaskiya ɗaya dai, wata biyu motata na ajiye kafin ta tashi da kyau. Siginar distiribita na Toyota irin na maganaɗisu ne sai ka haɗa da ɗan ƙaramin allo mai gyara shi, ni ban sani ba na kwana uku ina zagin batir.

Baba_Injin ya amsa:

To kaji da bakinka ɗana, wata biyu. Kai kanada babur kanada laftof kuma karatun lantarki kayi. Shi wannan motar ce ƙafarsa. In ta mutu masa a Ngong da daddare wane bakanike ne zai buɗe kafo (murfin injin) yaga allon da aka haɗa da hannu ya taɓa? Kuma kalkilatar ta asali tana sauraron waccan ƙarar tsakuwar da kanta ta ja wuta baya, in ya cire ta sai kunnensa ya koma maigadi, sai in ya haɗa wani abin daban. Ban ƙi Speeduino ba, allo ne mai kyau, mai saita ta ne babu a kusa, kuma daga Garwa da ke ƙasa-ƙasa zuwa Ngaundere da ta haura mita 1,000 iska ba ɗaya bace, dole wanda ya saita ya gwada ta a duka biyun.

Na_Njamena ya amsa:

Salam yan uwa. Mu nan man matatar Jarmaya muke sha tun 2011 amma zafi ɗaya ne da naku ko ma yafi. Abu ɗaya ba wanda ya tambaya: Ɗan_Garwa kafon motarka na Glanza ne mai hanci ko na Starlet ɗin asali? Saboda mai sanyaya iskar turbo na wannan injin a saman injin yake zaune, ta wannan hancin yake shan iska. In kafonka a rufe yake to gasa shi kawai kakeyi, ko wace kalkilatar ka saka iska mai zafi ce zata shiga. Ko ka nemo kafo mai hanci ko a mayar da mai sanyayan gaba bayan bamba.

Ɗan_Garwa ya rubuta:

Kai Alhaji wlh ka kama ni, kafon asali ne ba hanci, ko a raina ban taɓa kawowa ba. Kuma Baba eh zuwa-zuwa nake sha in wata yayi nisa, ba zan ɓoye ba. Gobe zan sa a mayar da turbon yadda yake, in fara da famfo da lambda da maganar kafo, abinda ya rage in ajiye. Yaro_Marwa in na shigo Marwa bayan sallah zan neme ka inga taka da idona, kila in naga yadda kake yi da laftof ɗin tsoro ya ragu.

Baba sauran tambaya ɗaya, shi lambdan a ina ake huda masa a bututun hayaƙi, dab da turbo ko sai an ɗan matsa ƙasa? Mai walda na unguwarmu yace ko ina ma yayi, ni kuma ban yarda dashi ba.