Koktel da moktel: wane suna za mu raɗa musu da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Masana Hausa da masu sana'ar abin sha, ku matso kusa, kalma nake nema. Abin nan da ake kira koktel, da ƙaninsa moktel, me za mu ce musu da Hausa? Sana'ata haɗa abin sha na biki da suna da walima a nan cikin Kano, akwai kuma 'yan matan da nake koya wa, ina rubuta musu darasi da Hausa. Duk inda na iso kan kalmomin nan biyu sai alƙalami ya tsaya cak.

Ga abin da ya dame ni. A Kano yanzu kowa koktel yake cewa. Uwar amarya za ta kira ki ta ce a yi mata koktel na ranar kamu, alhali abin da take nufi abarba ce da kankana da ƙanƙara a kofi mai ƙafa. Amma a wajen masu kalmar, koktel abin sha ne mai barasa. Garin da ke ƙarƙashin Shari'a tun 2000, garin da Hisba ke fasa kwalaben giya a bainar jama'a, a nan ne 'ya'yanmu ke tallar koktel a Instagram ba su san abin da suke faɗa ba. Yaron da ya saba da wannan ma'ana, ranar da ya sauka a otal a Legas ko Abuja ya ce a kawo masa koktel, me kuke jin za a ajiye masa?

Mu san abin da za mu raɗa wa suna tukuna. A 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York a Amurka ta amsa wa wani mai karatu da ya tambayi ma'anar kalmar. Abu huɗu ta lissafa: barasa mai ƙarfi, sukari, ruwa, da ɗigon wani ruwa mai ɗaci da ake jiƙawa da saiwoyi da kayan ƙamshi. A 1862 wani mai haɗa giya, Jerry Thomas, ya fitar da littafin farko a Amurka da ya tattara waɗannan haɗe-haɗe da awonsu, daga nan sana'ar ta zama abin da ake koya a takarda. Da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, da yawa daga masu sana'ar suka ƙetara Landan da Paris da Habana. Cikinsu har da Harry Craddock, wanda ya zauna a otal ɗin Savoy na Landan ya fitar da nasa littafin a 1930. A 1951 masu haɗa giya suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Ingila. Tarihin nan kaf a kan giya aka gina shi. Moktel daga baya ya zo, sunansa ma kwaikwayo yake nufi, wato an yi irin wancan amma ba a sa barasa ba.

Wata 'yar'uwa ta tambaya, to ke me ya kai ki karanta littattafan mashaya? Awo ne ya kai ni, 'yar'uwa. Mu a gida da ido muke zuba sukari, shi ya sa zobon yau daban na gobe daban. Su kuwa sun zauna sun ƙididdige. Akwai ƙa'idar da littattafan ke fara koyarwa: awo biyu na abu mai ƙarfi, awo ɗaya na tsami, awo ɗaya na zaƙi. Daikiri na ƙasar Kuba a kan irin wannan tsari yake, barasar rake da lemon tsami da sukari. Ni sai in cire barasar in sa dafaffen zobo mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba, mililita 60, lemon tsami 30, ruwan sukari 30. Ruwan sukarin kofi ɗaya na sukari a kofi ɗaya na ruwa, a narkar tun da wuri, don sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya kwanta a gindin kofi. A zuba a kofin ƙarfe da ƙanƙara, a rufe, a girgiza daƙiƙa 10 zuwa 15, har jikin kofin ya yi raɓa sanyi ya fara cizon tafin hannu. A nan ƙanƙarar ta saki ruwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za a sha, kuma wannan ruwan yana cikin lissafi. Shi ya sa a zafin watan Afrilu ba na karɓar ƙanƙarar da aka farfasa ƙanana, kafin a kai kofi teburin baƙi ya zama salam. Na'a-na'a kuma dannawa ake yi a hankali kamar yadda masu haɗa mohito, wani koktel mai na'a-na'a, ke yi, idan kika daka ganyen ya yage, ɗaci zai fito ya rinjayi ƙamshin. Wannan ilimi ne mai amfani, kuma babu ɗigon giya a abin da na ɗauko. Abin da nake so kawai sunansa ya rabu da na wancan.

To, shawarwari sun fara shigowa, Allah ya saka da alheri.

Wani ɗan'uwa ya ce a juya kalmar kai tsaye, a ce jelar zakara, tunda a Turanci abin da sassanta biyu ke nufi ke nan. Yallaɓai, Turawan kansu ba zakara suke gani ba idan sun faɗe ta. Masu bin tarihin kalmar da dama suna kai ta ga dokin da aka guntule wa wutsiya, alamar ba tsantsar jini ba ne, gauraye ne. Kuma jelar zakara ba ta gaya wa Bahaushe ko abin sha ne ko na ci, balle ko da barasa ko babu.

Gamin-gambiza ita ta fi samun magoya baya, na kuma gane dalili, tana da daɗi a baki. Amma gamin-gambiza abin da aka tarkata ne ba tsari, kowa ya jefa abin da ya samu. Sana'ar nan kuwa gabaki ɗayanta awo ce. Yarinyar da ta tsaya ta auna mililita 30 na lemon tsami, ba zan yarda a kira aikinta gamin-gambiza ba. Cakuɗa ma haka, kalma ce ta abin da ya dagule.

Haɗi fa? Ita ce ta riga ta zauna a bakinmu, ni ma ita nake faɗa a kicin. Sai dai kaya sun yi mata yawa. Akwai haɗin mata, akwai haɗin masu maganin gargajiya. Uwa kuma idan ta ji ɗanta saurayi ya ce haɗi zai sha, zuciyarta kan maganin tarin nan take tafiya, wanda ake juyewa a lemon roba, irin wanda sai da gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Idan kuma muka ce haɗaɗɗen lemo, yaran yanzu za su ji yabo ne, tunda a bakinsu haɗaɗɗe shi ne abu mai kyau. Tsimi da jiƙo ban ma tsaya a kansu ba, na magani ne.

Wani dattijo ya rubuto ya ce, "'Yata, me zai hana sirki? Mu da muka tashi, ruwan wanka sirka shi ake yi, a kashe kaifin mai zafi da mai sanyi. Ai shi kike ta bayani."

Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi wannan ta tsaya mini a rai fiye da duk sauran, don ta kama ainihin aikin: a karya tsami da zaƙi, a karya ƙarfi da ruwan ƙanƙara. Inda na ja baya shi ne, sirki galibi tsakanin abu biyu ne, kofi ɗaya kuwa kan ɗauki abu biyar ko shida. Amma ba zan sake ta ba. A darasina daga yau, matakin nan da ake ɗanɗanawa a ƙara wannan a rage wancan, sirki ne sunansa. Zan ce wa yarinya awonki daidai ne amma sirkin bai yi ba, ta kuma gane nan take.

Ni inda hankalina ya kwanta shi ne gauraye. Kalma ce tsaka-tsaki, ba yabo ba zagi, ba ta ɗauke da warin komai. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba, dole a sa mata uwa a gaba wadda za ta faɗi abin da ke cikin kofin. Koktel ya zama giyar gauraye. Moktel ya zama lemon gauraye. Kalmar farko da za ta shiga kunne ita ce ta raba gardama, giya ko lemo, ko yaro ɗan firamare ya san bambancinsu.

Wata Hajiya mai girkin biki ta ce, "Anti, to wanda aka yi da madarar kwakwa da abarba fa, ina lemo a ciki?" Hajiyata, ai Kano ta daɗe da faɗaɗa kalmar. Lemon kwalba muke cewa, lemon gwangwani, lemon roba, har Maltina idan aka kawo wa baƙo an ce an ba shi lemo. Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ma ba lemo kaɗai ake saukewa ba, a can nake sayen abarba da kankana. Wannan da kika ambata kwaikwayon pina kolada ne na tsibirin Puerto Rico, asalinsa da barasar rake. Nasu giyar gauraye, namu lemon gauraye na kwakwa da abarba. Zobo da lamurje da kunun aya kuwa a bar su da sunayensu na gado, ba sa bukatar sabo.

Yanzu ga inda sunan zai yi aiki na gaske, ku karanta a tsanake. Chapman. Kowa ya ɗauke shi a matsayin lemo zalla, a Legas aka haife shi, ana danganta shi da kulob ɗin Ikoyi. Fanta da Sprite, jan ruwan rumman mai zaƙi, kokwamba, lemon tsami. Amma yadda aka saba yin sa, ana ɗiga masa Angostura. Ƙaramar kwalba ce mai rawayan murfi, takardar jikinta ta fi ta tsawo har ta tasar wa wuyanta. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa shi a 1824 a ƙasar Benezuwela a matsayin maganin ciki, yanzu a Tirinidad ake yin sa. Ku juya kwalbar ku karanta: barasar cikinsa kashi 44.7 cikin ɗari ce, ta fi ta yawancin wuski da ke tsayawa a 40. Irin ruwan ɗacin nan ne da jaridar 1806 ta lissafa. Na ga masu sana'a irina suna ɗiga shi da zuciya ɗaya, sun ɗauka kayan ƙamshi ne irin su banila, don bidiyon da suka koya a ciki bai tsaya ya yi musu bayani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Fatawa ta malamai ce, amma duk mun san hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Sharaɗina a kan sabon sunan ke nan: duk kofin da Angostura ya shiga, ko ɗigo biyu ne, kada a kira shi lemon gauraye. Mai son ɗacin ya tafasa ɓawon lemon zaƙi da kanumfari da kirfa da busasshiyar citta, ya tace, ya ɗiga. Duk akwai su a kasuwar Rimi, kuma ƙamshin yana fita sosai a Chapman.

Wani Malam ya ja hankalina ya ce raɗa wa giya sunan Hausa kamar yi mata masauki ne a harshenmu. Allah ya gafarta Malam, na fahimci tsoron, ba kuma na raina shi ba. Amma Hausa tana da giya, tana da barasa, tana da burkutu da bammi tun kaka da kakanni, sunayen nan kuwa su muke amfani da su wajen yi wa 'ya'yanmu hani. Kalmar koktel ce ta yi mata masauki, don ta shigo da rigar lemo. Giyar gauraye tsiraita ta take yi. Mai fassara labarai a gidan rediyo ma zai huta, idan labari ya zo an yi liyafa a wani ofishin jakadanci, yana da kalmar da mai saurare a Rimin Gado zai gane.

Na gwada su a magana in ji ko suna tafiya. A kawo lemon gauraye na mutum ɗari. Otal ɗin nan suna sayar da giyar gauraye, kada ka yi oda ba ka tambaya ba. Ta iya gauraye. Wannan ta ƙarshe ta yi mini daɗi, don a Kano idan aka ce gauraye kawai a wajen biki, lemon za a fahimta, shi kuwa ɗayan dole sai an ambaci giyarsa.

Kayan aikin ba su ba ni wahala ba. Ɗan kofin ƙarfe mai baki biyu ma'auni ne, na tacewa matata, dogon cokali dogon cokali, sandan danna na'a-na'a 'yar taɓarya, yankan lemo ko kokwamba da ake maƙalawa a bakin kofi kwalliya. Kofin ƙarfen da ake girgizawa ne har yanzu ake ja a kansa. Yarana girgizau suke ce masa, wani malamin makaranta a nan ya ce magirgiza ta fi bin ƙa'ida, kamar matata. Ni na karkata ga magirgiza a rubutu, amma masu nahawu ku faɗi naku kafin in kai darasin wajen bugawa.