Yaushe Ake Fara Kai Yaro Wurin Likitan Haƙori?

Maman Biyu, Bukoki: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Likita, Majo, tambayar taku ce. Mata na ta gardama a wurin awo: wasu sun ce sai yaro ya shiga lakwal ake kai shi a duba mishi haƙori, wasu sun ce haƙoran nono ne, faɗuwa za su yi, ba a ɓata kuɗi a kansu. Wane shekaru ne daidai?

Likitan Haƙori: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai maganar ba ta kai ga shekaru ba, watanni ake ƙirgawa. Haƙorin farko yakan fito wajen wata 6, galibi biyun gaba na ƙasa. Daga ranar da ya leƙo a ƙirga wata 6, cikin su a kawo yaro, kada dai a wuce ranar da ya cika shekara 1. In ya kai wata 18 bakinsa fayau ba haƙori ko ɗaya, shi ma a kawo shi.

Masu cewa za su faɗi sun faɗi rabin gaskiya. Haƙoran nono 20 ne, suna cika wajen shekara 3. Na gaba suna fara girgiza a shekara 6, amma turamen baya suna nan har shekara 10 zuwa 12. To turmin da ya ruɓe yaro yana shekara 3, wa zai ce a bar shi da ciwon shekara 8? In kuma aka cire shi da wuri, na kusa da shi sukan karkato su cinye gurbin, babban haƙori ya zo bai samu wuri ba ya fito a karkace. Ruɓar da ta kai jijiya takan tara mugunya a ƙasan saiwa, nan kuwa ne babban haƙorin yake kwance yana ginuwa.

Majo na CSI (babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwa): Bari in ba mata dabarar da ba a mantuwa. Allurar ƙyanda ta wata 9 kowace uwa ta san ranarta, tana rubuce cikin karne, wato littafin awo da rigakafin yaro. A ɗaura maganar haƙori a kanta: an yi allurar, kafin wata 3 su cika a je wurin likitan haƙori. Sashen haƙori yana nan a babban asibitin ƙasa na Yamai, akwai kuma ɗakunan likitoci masu zaman kansu cikin gari. A je da safe, yaro ya yi barci ya ƙoshi, a riƙe karne a hannu.

Baban Yara, Talaje: Likita, da girmanka, jariri mai haƙori huɗu me za a duba mishi? Ina tsoron a tayar wa yaro da hankali da injin nan mai ƙara a banza.

Likitan Haƙori: Malam, ba inji ba allura a zuwan farko. Uwa da likita sukan zauna gwiwa da gwiwa, yaron yana fuskantar uwarsa, sai a kwantar da kansa a cinyar likita, ita tana riƙe da hannuwansa. Dubawar ba ta wuce ƴan mintoci. Ana ɗaga leɓen sama a dubi gindin haƙoran gaba, a dubi dasashi, harshe da ganɗa. Zai yi kuka, ba laifi, mai kuka bakinsa a buɗe yake.

Abin da ake nema farin layi ne kamar an shafa alli, daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Wannan ne farkon ruɓa, kuma a wannan matakin tana komawa baya. Ana busar da haƙorin da auduga a shafa mishi wani man fuluwor (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) mai ƙarfi, na 22,600 ppm (awon yawan fuluwor ɗin ke nan), da ɗan buroshi, sau 2 zuwa 4 a shekara gwargwadon hali. Idan layin ya koma ruwan ƙasa ya yi kogo, sai ciko. Ko nan ba dole sai da inji ba, akwai cikon da ake kankare ruɓar da ƙarfen hannu a liƙe. Daga nan zuwa duk wata 6 ne, in bakin tsaf yake likita na iya cewa sau ɗaya a shekara.

Iyaye ma su riƙa wannan ɗaga leɓen a gida sau ɗaya a wata, a tsakar gida inda akwai hasken rana.

Ungozoma, Harobanda: Ni inda nake son a tsaya shi ne bibiron na dare. Mutane suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne a baki suke cin sukari su mayar da shi tsami, tsamin ya riƙa cin bayan haƙori kusan minti 20 zuwa 30 bayan kowace kurɓa. Da rana miyau yana wankewa. Cikin barci miyau ya ragu, shi ya sa yaron da ke kwana da bibiron na madara mai sukari ko kunu a baki, haƙoransa huɗu na sama na gaba su ne ke fara baƙi su gutsuttsure, na ƙasa kuwa harshe ya rufe su sun tsira. Da an ga wannan fasalin an san daga inda abin ya fito.

Madarar gwangwani mai kauri ɗin nan ba ta jariri ba ce sam. Daga wata 6 a fara koya mishi kofi, ya cika shekara a rabu da bibiron. Nono kuwa a ci gaba har shekara 2, sai dai in haƙora sun fito a goge su kafin barci. Kuma iyaye mata, a daina tauna abinci a ba yaro, a daina lasar cokalinsa, ta nan ƙwayoyin bakin babba ke ƙaura zuwa nasa.

Mushe, Yantala: Ƙari kan maganar Inna ungozoma: yawan sau ya fi yawan sukari illa. Bombo 5 a lokaci ɗaya bayan tuwo ya fi sauƙi a kan guda ɗaya-ɗaya daga safe zuwa la'asar. Kuɗin kashewar da ake ba ƴan jardan a bakin ƙofar lakwal yake ƙarewa, alewa, biskit, bisap mai ƙanƙara. Gyaɗa ko ƙwai ko ayaba sun fi.

Mai Farmasi, Wadata: Maganar man goge baki, don kullum sai an tambaya. A juya bayan bututun a nemi inda aka rubuta fluor da lamba. Ana son 1000 ppm zuwa sama. Akwai na yara masu hoton dabbobi da ƙanshin alewa waɗanda ba su kai ba, wasu ma babu fuluwor ɗin ko kaɗan. Ƙasa da shekara 3, a shafa kamar ƙwayar shinkafa ɗaya. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake. Buroshi mai ƙaramin kai mai laushi, sau 2 a rana, na dare shi ne wanda ba a tsallakewa. Ya tofar, kada a ba shi ruwa ya kuskure, a bar ragowar man ya yi aikinsa. Babba ne zai goge mishi har shekara 7 ko 8. Wanda bai iya ɗaure igiyar takalmi ba bai iya goge turmin baya ba. Buroshi in ya baje ko ya yi wata 3 a sake.

Kaka, Zongo: To ƴaƴana, asuwaki fa? Da shi muka ga iyaye, kuma haƙoransu garau.

Likitan Haƙori: Gaskiyarki Inna, asuwaki yana share haƙori sosai a hannun wanda ya iya, kuma iyayen nan ba su tashi da bombo da lemun kwalba ba. Amma ɗan shekara 2 taunawa kawai zai yi, in ya ruga da shi a baki ya faɗi ya soke ganɗa. A bari ya girma, sannan ya haɗa da buroshi.

Awon shinkafar da Malam mai farmasi ya faɗa kuma a riƙe shi da gaske, don yaro haɗiyewa yake yi. Fuluwor in ya yi yawa lokacin da haƙora ke ginuwa yakan bar fararen ɗigo ko tabon ruwan ƙasa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 1.5 ne a lita. Mun san abin da ruwan foraj mai yawan fuluwor ya yi wa yaran Tibiri ta Maraɗi, har ƙashi ya lanƙwasa. Don haka kada kowa ya sayi ƙwayar fuluwor ya ba yaro da kansa.

Majo na CSI: Wanda ya fi cin rai shi ne yaro ya yi zawo ko zazzaɓi a ce "ai haƙori yake yi". Fitar haƙori tana kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi, rigima, ɗan ɗumin jiki. Ba ta kawo zawo mai ruwa, ba ta kawo zazzaɓin da ya haura 38. A garin nan zazzaɓi irin wannan a yi gwajin maleriya tukuna. Wata 6 lokacin ne yaro ya fara cin abinci yana kai komai baki, shi ya sa zawon ke haɗuwa da haƙorin, aka ɗora wa haƙori laifi. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da zinki, a kawo shi. Dasashin kuma a murza da yatsa mai tsabta ko tsumma mai sanyi. Kada wanzami ya tsaga.

Mai Farmasi, Wadata: Kuma don Allah a bar "maganin haƙori" na masu talla a kai. A 2008 zuwa 2009 siron My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya saboda gubar da ta shiga haɗinsa. Kafson tetirasikilin da ake fasawa a zuba wa yara a koko, ƙasa da shekara 8 yana rina haƙoran dindindin, rinin da ba ya fita. In ciwo ya hana barci, farasitamol ne, miligiram 15 a kowane kilo na nauyin yaro, duk awa 6, kafin a ga likita. Asfirin ba na yara ba ne, ɗora shi a dasashi kuma ƙonewa yake yi.

Likitan Haƙori: Akwai waɗanda ba a jira musu ranar randebu. Kunci ya kumbura, ko ƙurji a dasashi yana fitar da mugunya. Sai babban: dasashi na jini, baki na wari mai tsanani, ga gyambo, a yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya tashi daga ƙyanda ko maleriya ko yake fama da tamowa. Wannan farkon ciwon da ake kira noma ne, cikin kwanaki yake huda kunci. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023. Ƙungiyar Sentinelles a Damagaram da asibitin noma na Sakkwato duk aikinsu ke nan, amma matakin farko CSI mafi kusa ne, a ranar.

Baban Yara, Talaje: In yaro ya faɗi haƙori ya fita fa, Likita?

Likitan Haƙori: In na nono ne ba a mayar da shi, don kada a taɓa na ƙasansa. A danne wurin da auduga minti 10, a kawo yaron a duba ko guntu ya saura. In na dindindin ne, a kama shi ta kai ban da saiwa, a ɗauraye ɗan kaɗan ba tare da gogewa ba, a mayar cikin gurbinsa, in an kasa a jefa shi cikin kofin madara a taho cikin awa ɗaya. Kada a naɗe shi a takarda, bushewa ke kashe saiwar.

A shekara 6 kuma a leƙa can ƙarshen baki. Turmin dindindin na farko yana fitowa bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba, guda 4, iyaye su ɗauka na nono ne su ƙyale shi. Samansa yana da tsagogi masu riƙe abinci, ana iya toshe su da wani siririn shafi tun bai ruɓe ba.

Maman Biyu, Bukoki: Allah ya saka da alheri. Zan kai wa matan wurin awo ranar Talata. Malam mai farmasi, ka turo hoton bayan bututun inda lambar take, a nuna musu a waya.