Neman shawara: gano gidan da kakanmu ya zauna a Landan ta tsohuwar rajistar zaɓe

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A cikin adakar kakarmu mun tsinci ambulan uku da marigayi kakanmu ya aiko daga Paddington a Landan, tsakanin 1957 da 1963, adireshi ɗaya a bayansu. Haifaffen Zariya ne, karatu ya kai shi. An ce mini rajistar masu zaɓe za ta nuna mutanen gidan, amma na rubuta sunansa a intanet ban ga komai ba. Ina zan sa gaba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ajiye sunan tukuna, kama adireshin. Rajistar wancan lokaci ba jerin sunaye ba ce: mazaɓa ce, sai rumfa, sai titi, sai lambar gida. A shafin intanet na Ancestry, mai tattara bayanan binciken asali, akwai rajistar Landan daga 1832 zuwa 1965. Buɗe hotunan shafukan da kanki, ki zaɓi Paddington da shekarar, ki bi titin. Mazaɓu biyu ne a lokacin, ta arewa da ta kudu, kuma dogon titi yakan rabu tsakanin rumfuna, sau da yawa lambobin mara a jeri ɗaya, na cika a wani. Na'ura ce ta karanta sunayen da kika bincika, tana kuwa cin tuntuɓe, ga Bature ma yakan rubuta Muhammadu yadda kunnensa ya ji.

Amsa ta biyu:
Hajiya, ga inda gizo ke saƙar. Kafin 1 ga Oktoba 1960 Arewa ƙasa ce ƙarƙashin kariyar Birtaniya, ba mallakarta kai tsaye ba kamar Ikko. A doka, haifaffen Zariya “wanda ake karewa” ne, ba ya cikin talakawan Sarauniya masu ƙuri'a. Sai bayan 'yancin kai ɗan Najeriya ya zama ɗan Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Birtaniya, mai ikon shiga rajista. Saboda haka rashin ganinsa a 1958 ba ya nufin bai zauna gidan ba. Fara daga 1961 zuwa 1964.

Ki lura da kwanan wata kuma. A shekarun 1960 wanda ke gidan ranar 10 ga Oktoba ake rubutawa, rajistar ta fara aiki 16 ga Fabrairu mai zuwa. Wato ta 1964 hoton Oktoban 1963 ce. Sannan sai ya cika shekara 21. Ba a sauko zuwa 18 ba sai da dokar 1969. Mai gida ke cike fom ɗin, kuma ɗalibi ɗan haya a ɗakin sama shi aka fi mantawa.

Amsa ta uku:
Ko bai fito ba, kwafe duk sunayen gidan shekara bi shekara, da na maƙwabta biyu. Sunan da bai motsa ba galibi na mai ba da haya ne, masu shigowa suna fita 'yan haya ne, ƙila har ki ga abokan karatunsa. Kada dai ki ɗora dangantaka a kai, don rajista ba ta faɗin shekaru, garin haihuwa ko wane ne mijin wa.

Idan shafi ya ɓace a intanet, Paddington ta shiga ƙaramar hukumar Westminster a 1965, sai ki tuntuɓi ma'ajiyar tarihin Westminster. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da cikakken jeri daga 1947. Nemi taswirar lokacin, don an rushe gidaje da dama wajen gina titin Westway. Sannan duba jerin fasinjojin jiragen ruwa da suka shiga Birtaniya, wanda ya tsaya a 1960. In da jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster ya tafi daga Apapa zuwa Libaful a 1957, za ki iya ganin shekarunsa da adireshin da ya ce zai sauka.