"Ba a fafe gora ranar tafiya": har da mai ƙaramin jari?

Telan Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ƙaramar sallar da ta wuce. Ana saura kwana tara salla babban kekena ya tsaya cak, ga ɗinkin mutane jibge har bakin ƙofa. Ɗan ƙarfen da ya karye bai kai ɗan yatsa ba, amma na karaɗe kasuwa ban samu ba, sai da aka aiko mini daga Yola bayan kwana huɗu. Kuɗin sayensa ma rance na yi, don kafin alƙalamin da mutane suka ba ni duk ya tafi a cefanen azumi. Ranar jajibiri wata baiwar Allah ta zo ta kwashe atamfarta a yanke, ba a haɗa ba, ta yaɓa mini maganar da ba zan maimaita ba. Da na kai kuka wajen maigidana da ya koya mini ɗinki, ko sannu bai ce ba, sai cewa ya yi, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Na san ma'anarta sama-sama. Amma ni da jarina keke biyu ne da yaro ɗaya, abin da na samu yau shi ake ci yau, wane gora gare ni da zan fafe?

Ɗan Kusiri: Wa alaikumus salam. Ni fa tun ina yaro na ɗauka sandar gora ake nufi, irin wadda makiyaya ke riƙewa. To ita kuma me ake fafewa a jikinta?

Baba Mai Goro, Ngaundere: Ɗana, ka haɗa abu biyu da rubutu ya haɗa, baki ya raba. Waccan sanda ce. Wannan goran duma ne, na zuba ruwa. Mu da muka ga ana yi bari mu faɗa muku. In aka tsinko shi sai a bar shi ya bushe ƙayau, a yanke masa baki, a sa ƙarfe mai lanƙwasa a ƙwaƙulo 'ya'yan da tarkacen ciki. Inda ƙarfe bai kai ba a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa. Duk wannan aikin hantsi ɗaya ne. Abin da ke cin kwana shi ne jiƙo: a cika shi da ruwa a ajiye, a zubar, a sake cikawa, har sai ɗacin duman ya fita. Wanda ya fafe da safe ya ɗura ruwa ya bi ayari, zai isa zangon farko da gora cike, amma ruwan ba ya shawuwa. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa ƙasar Adamawa daga Kano a ƙafa sun san wannan. Fafewar ba wuya gare ta ba, kwanakin jiƙon ne ba a saye da kuɗi. Malam Tela, ƙarfenka ba tsada ya yi ba, kwana huɗun nan ne suka yi tsada.

Hajiya Mai Albasa, Marwa: Baba ya gama magana. Ni kuma in ba ku tawa, don na sha ruwan ɗacin nan har na ƙoshi. Kowa a Marwa ya san albasa tana arha da rani lokacin da ake cire ta, in damina ta yi nisa kuma ta yi tsada. Shekarar da na fara, wannan kaɗai na sani. Na tattara jarina kaf, har da 'yan kunnena, na saya na jibge buhu kan buhu a ɗakin kwano, na kulle, ina jiran riba. Zafin Afrilu na Marwa kuwa ba sai na faɗa muku ba. Wata biyu da na buɗe ɗakin, warin ne ya fara yi mini maraba. Buhunan ƙasa sun zama ruwa. Wanda ya tsira kuma ya rame, don albasa in ta daɗe tana raguwa ko ba ta ruɓe ba, buhun da ka saya cike sai ka ga ya saki. Ban sa kuɗin 'yan dako a lissafi ba, ban sa sababbin buhuna ba, ban sa kuɗin mota ba, balle abin da ake ajiyewa a shingayen hanya. Na dai ga kuɗin saye, na hango kuɗin sayarwa, tsakaninsu na ce duk nawa ne.

Yanzu kafin in sayi ko kwando ɗaya, rumfar ajiya nake fara gyarawa, mai shan iska, a shanya albasar a kan katako ba a ƙasa ba, yara na bi suna tsince mai laushi duk mako. Ina da ɗan kaye, wato littafin rubutu, irin na 'yan lakkol, a shafin farko nake cire kason da na san zai lalace, in ɗauke shi tamkar ya riga ya tafi. In abin da ya rage bai biya ba, ba na saye. Kuma ba na sake zuba jari duka a abu ɗaya, ko da za a ce mini gobe zai ninka.

Mai Zuwa-zuwa: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi, amma ki bar ni in yi musu. Ke albasa kike yi, ita kuwa tana da lokacinta, bara da bana duk ɗaya. Mu fa? Shekara da shekaru ina sayar da zuwa-zuwa, man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, a bakin titi a Garwa ta Kamaru, da shi na yi aure, da shi nake biyan haya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya tsaya a wajen rantsar da shi a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita a Najeriya ya kusa ninka uku. Ribar da muke ci dama tazarar da ke tsakanin farashin can da na gidan mai a nan ce, sai ga ta ta tsuke kamar an ja zare. Wane kaye ne zai rubuta mini wannan? A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Iyayenmu kuma suna ba da labarin Janairun 1994, da aka kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, aka tashi yana 100. Mai kantin kayan waje da ya sayar jiya, yau kuɗin hannunsa rabin kaya za su sayo. Ni a ganina wannan karin magana ta mai tafiyar da ya san ranar tashi ce. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa tashinsa ake yi tsakar dare a ce hau hanya. Gobe ta Allah ce.

Malamin Zaure: Gobe ta Allah ce, babu ja. Sai dai kar mu fake da ita. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Annabi Yusuf (AS) bai hana fari zuwa Masar ba, hatsin shekara bakwai ya sa aka ajiye a zangarniyarsa. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. 'Yan'uwana masu tireda da ke riƙe bashin unguwa guda a ka, suna jin kunyar fito da biro, su duba wannan.

Hajiya Mai Albasa, Marwa: Ƙanena Mai Zuwa-zuwa, kar ka ji haushi. Maganar cire tallafin nan ba daga sama ta faɗo ba. Duk manyan 'yan takarar Najeriya sun faɗa a yaƙin neman zaɓe cewa za su cire, muna ji a rediyo wata da watanni. Ranar ce ba a sani ba, tafiyar an sani.

Mai Zuwa-zuwa: Hajiya, tun 2012 ake cewa an cire. Jonathan ya cire a Janairun shekarar, mutane suka fito titi, aka dawo da wani kaso. Wanda aka yi ta ce masa ga kura, ga kura, shekara goma ba ta zo ba, laifinsa ne in ya yi barci?

Hajiya Mai Albasa, Marwa: Ba laifinsa ba ne ya yi barci. Amma shekara goman nan da kura ba ta zo ba, da an sayi babur ɗaya an ba yaro yana haya. Na yi shiru.

Uwar Adashi, Njamena: Ku bar faɗa, ku ji ta mai abinci. Ni shinkafa da miya nake sayarwa, wasu kayan kuma sai na tsallaka gadar Ngeli na sayo a Kusiri. Ban yi boko mai nisa ba, lissafina ma da riyal nake yi kamar sauran mutanen garin nan, abin da ku kuke ce wa dala, sefa biyar-biyar. Gwangwani uku gare ni a ƙarƙashin gado. Na farko na uwa, kuɗin cefanen gobe, ko ɗana ne ya zo yana kuka ba na taɓa shi. Na biyu na gida. Na uku na ko-ta-kwana, kullum sai na jefa wani abu ko yaya ciniki ya kasance. In ruwa ya zube ya bar tulu, da sauƙi. Abin da ke kashe mu mata ba gwamnati ba ce, aljihu ɗaya ne: kuɗin kasuwa, na biki, na anko, na asibiti duk a lalita guda, sai ranar sari ki ga babu uwa babu riba. Ambaliyar 2022 ta ci mini buhun shinkafa biyu a ƙasa. Da ruwa ya sake zuwa a 2024, kayana suna kan benci a ɗakin ƙanwata tun kafin kogi ya cika. Adashinmu ma da shiri muke raba kwasa: mai 'yan makaranta ta ɗauka dab da komawa lakkol, mai sayar da kayan salla ta ɗauka kafin azumi. Malam Tela, da kafin alƙalamin nan yana gwangwanin farko, da ba ka ci bashi ba.

Tsohon Akawu: Na yi shekaru a wani ƙaramin bankin ba da rance, na ga irin takardun da ake kawowa. Mutum zai biya wani yaro ya buga masa shafi ashirin da Faransanci, da jadawali har na shekara biyar, ka tambaye shi nawa yake kashewa a wata ya yi zuru. Wannan lissafin dokin Rano ne, gora ne da aka yi wa zane a waje ba a fafe cikin ba. Abin da Hajiya da Uwar Adashi ke yi ya fi shi sau goma. Malam Tela, gwada wannan a matsayin misali: in haya da wuta da sallamar yaro da zare da haraji sun kama jaka 60 a wata, to kowace rana jaka 2 na farko ba naka ba ne, na shago ne. Abin da ya hau kai shi ne riba. Sannan ka ƙirga kaya nawa hannunka da na yaronka ke iya gamawa a rana, ka ninka da kwanakin da suka rage salla, ka cire kwana uku na ɗaukewar wuta da ciwon kai. In ɗinki ya kai wannan adadi, rufe karɓa. Ka tuna kuma salla tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, kar ka yi shirin bana da kalandar bara.

Ɗan Kusiri: To amma akwai masu wuce gona da iri. Yayana shekara uku yana lissafin buɗe shagon gyaran waya, kullum sai ya ce bai gama shiri ba. Rumfar da yake hari wani ya kama, yanzu har tura kuɗi ta waya, su Orange Money da MoMo, ake yi a wurin. Ba an ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe ba? Wacce za mu bi?

Baba Mai Goro, Ngaundere: Yayanka ba fafewa yake yi ba, tsoron hanya yake ji. Mai ƙwaƙular gora in bai san inda zai tsaya ba sai ya huda gindin. Karin maganar ai da ranar tafiya a cikinta. Madugu ya sa rana, ayari ba ya jiran kowa. Ka ce masa ya sa rana tukuna, shirin zai san iyakarsa.

Shi kuma Mai Zuwa-zuwa yana da gaskiya a wuri ɗaya da kuka wuce da sauri. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda cinikinsa na yini bai kai tuwon dare ba, in ka ce masa gwangwani uku, zagi ne. Na yi wannan zaman a 1994, ban ajiye ko dala ba wata shida.

Mai Zuwa-zuwa: Allah ya saka da alheri, Baba. Babur ɗin da Hajiya ta ce, na saya daga baya, a kan tsada.

Telan Garwa: Na gode ƙwarai jama'a. Na aika a sayo mini ƙarfen nan guda biyu, kekunan kuma zan kai su wajen mai gyara tun watan Rajab. Gwangwani ma na samu, na madara. Rufe karɓar ɗinki ne ya tsaya mini. Surukata duk shekara sai ana saura kwana uku take aiko da turmi biyar, nata da na jikoki, kuma ba a biya. A wane shafi zan rubuta wannan?

Hajiya Mai Albasa, Marwa: A shafin farko, Malam, tare da albasar da ta ruɓe. Ka tura maiɗakinka ta karɓo atamfar tun Sha'aban, ta ce sabon yayi ya fito kuma yana cin lokaci.